Ranar da Muka Kashe Alhaji Maigoro a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka bakina bai huta ba. Duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "Malama Talatu, wai me ya sami mijin Habiba?" Laifin Habiba ne, ƙanwata. Ita ta tura wa dangi hoton mijinta kwance a tsakiyar falo, gaban rigarsa jajir, ba ta rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashi ba. Har daga Funtuwa an kira ni ana salati. To, Nura yana nan lafiya lau, ya ma ƙara ƙiba. Bari in ba ku labarin daga farko, in huta da maimaitawa.

Habiba ma'aikaciyar jinya ce a garin Greensboro, ta daɗe a can. Ana saura wata biyu in tafi ta kira ni a waya.

"Yaya, hannunki na rubuta wasan kwaikwayo yana nan?"

Na ce yana nan, sai dai ya yi tsatsa. Kun san shekarun da na yi ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata a nan Zariya, duk ƙarshen zango ni ke rubuta wasan da ɗalibai za su yi.

Sai ta yi mini bayani. Wai mutanen can suna da wata irin liyafa ta manya. Kina gayyatar ƙawaye da abokai gida, ki ba kowa takarda a cikin ambulan mai ɗauke da sunan da zai amsa da sirrin da zai ɓoye. Ana cikin cin abinci sai mutum ɗaya ya faɗi, a ce an kashe shi. Sauran su yi ta tuhumar juna har a gano mai laifi. Ta ce ana sayar da labarin a kwali, a shirye, amma duk na mashaya giya ne da masu gidajen sarautar Turawa. Ita namu take so, da Hausa.

Na ce, "Habiba, mutuwa ce ta zama abin wasa?"

Ta ce, "Yaya, mutum nawa kika kashe a dandalin makaranta, iyaye na tafi?"

Na sayi littafin rubutu mai jan bango na fara.

Daga Zariya zuwa Abuja a motar haya na tafi. Direban ya ji an ce Amurka za ni, ya yi ta ba ni saƙo ga wani ɗan ɗakinsu da ke can, bai san garin ba, bai san lambarsa ba, amma ya ce dogo ne, in na gan shi zan gane shi. Na ce to.

Jirgi kuwa, sanyi ne ya fara yi mini maraba. Mun sauka a wani gari a Turai don canza jirgi, na shiga bayi in yi alwala. Famfon ba shi da abin murɗawa. Na danna, na ja, na bubbuga, shiru. Wata tsohuwar Baturiya ta miƙa hannu kawai ruwa ya zubo. Na miƙa nawa ya zubo, na ɗago in wanke fuska ya tsaya. Haka muka yi ta wasan ɓuya ni da famfo har na idar da alwalar nan, rabin zanena a jiƙe.

Babban abin ya faru ne a filin jirgin da muka fara sauka a Amurka. Habiba ta riga ta gargaɗe ni kada in ɗauko kilishi, ban ɗauko ba. Amma wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Jami'in, wani ƙaton baƙar fata mai ladabi, ya buɗe ledar daddawa, ya ja da baya taku biyu. Kuka da busasshiyar kuɓewa ya bar mini, daddawa kuwa ya ce sai dai ta zauna a nan. Sannan ya ɗauko littafina mai jan bango ya buɗe daidai shafin da na zana taswirar falon Habiba yadda ta kwatanta mini. Ga ƙofa, ga tebur, ga kibiyoyi, ga hoton mutum kwance na sa masa alamar gicciye a ƙirji.

Ya ce mene ne wannan?

Gajiya ce ko tsoro, ban sani ba. Na haɗa Turancina na makaranta na ce masa, "Tsarin yadda za mu kashe Alhaji ne ranar Asabar."

Ya dube ni, na dube shi. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na shiga bayani, Hausa da Turanci suna karo da juna, ina cewa wasa ne, liyafa ce, mijin ƙanwata ne gawar kuma da yardarsa. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya ce matarsa ta taɓa jan shi zuwa irin wannan, aka ba shi mai kula da lambu, kuma tun kafin a kawo nama aka kama shi. Ya rufe littafin ya miƙo mini, ya rage murya ya ce wa ya kashe Alhajin? Na ce wannan kam ko shi ba zan gaya wa ba.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Habiba da Nura suka ɗauke ni zuwa gidansu a Summerfield, can bayan gari. Gida ne na katako, ko tari ka yi a sama na ƙasa zai ce maka sannu. Babu katanga. Daga tagar ɗakina ina hango dawakin maƙwabciyarsu, wata Baturiya mai suna Madam Linda. Na tambayi Nura ranar da ake hawan su, ya ce ba wata rana, so kawai take yi. Har bargo ake lulluɓa musu.

Washegari Nura ya ce sai na ɗanɗana karin kumallon mutanen jihar. Aka kawo mini wani farin abu na tsakin masara, kamar fate da aka manta ba a sa masa komai ba. Na nemi yaji. Shayinsu kuma da ƙanƙara suke sha, sukari kamar za a yi alewa. Abin da ya fi ɗaure mini kai gaisuwarsu ce. Mutum zai yi miki murmushi ya tambaye ki lafiya, kina shirin amsawa ya riga ya kai ƙarshen layi. A wani shagon gwanjo a titin Elm, inda muka je neman gilashin ƙara girman rubutu na mai binciken kisa a wasanmu, matar shagon sau uku tana kirana zuma. Na ce wa Habiba matar nan ta san ni ne? Ta ce kowa zuma ne a wajenta.

Ranar Alhamis muka je cefane a Gate City Boulevard, wani dogon titi da ba ya ƙarewa, shagunan 'yan ƙasa-ƙasa a jere da wuraren sayar da motoci. A wani shagon kayan abincinmu muka haɗu da Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mace mai jiki da fara'a. Ta rungume ni kamar ta shekara tana jirana.

"Ei, Malama! Habiba ya ce kin iya rubutu sosai paa!"

Na waiga ina neman namijin da ya faɗa. Ashe Hausar zango haka take, mace ma "ya" ce. Muna cikin dariyar wannan sai ƙofa ta buɗe, wata siririyar mata mai gilashi ta shigo. Habiba ta ce, "Anti Rifkatu, ga Yayata." Mutuniyar Jos ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Memuna kuwa ta juya ta kama wata doya tana jujjuya ta kamar za ta aure ta. Anti Rifkatu ta gaida mai shago, ta wuce ta bayan Hajiya ba ko tari.

Muna shiga mota na ce, "Habiba, me ke tsakanin matan nan?"

Ta tada mota. Ta ce tare suka zo garin, ɗaki ɗaya suka yi haya a kan wannan titin shekara da shekaru. In Rifkatu tana wajen aiki, Memuna ce ke goyon 'yarta Alheri. Bara aka yi bikin Alheri. Memuna ta kwana biyu a kan tukunya. A wajen liyafa aka kira iyayen amarya su fito a ɗauki hoto, ba a kira sunanta ba. Ta kwance zanen girkinta ta tafi gida. Tun daga ranar ko gaisuwa babu.

"Yaya, mu kaɗan ne a garin nan. Suna ko ta'aziyya, in wannan ta zo waccan ba ta zuwa. Mutane sun fara rabuwa biyu. Na yi magana, limaminmu ya yi, faston su Anti ya yi. Shi ya sa na ce bari in gwada wasa."

"Ya aka yi suka yarda za su zo?"

"Na ce wa kowace ita ce jarumar labarin, in babu ita an fasa."

Ranar Juma'a na wuni ina gyara labari. Alhaji Maigoro attajiri ne da ya tara mutane walima, ya haɗiyi maganinsa, ya kora da zoɓo, ya faɗi. Na mai da Hajiya Memuna mai girkinsa, Anti Rifkatu likitarsa, don zargi ya faɗa kansu su biyu. Na rubuta wasiƙar da za ta wanke su, na yaga ta biyu, na sa rabi a ambulan kowace. Ba mai kuɓuta sai sun zauna sun haɗa. Mai kisan kuwa direban Alhaji ne.

Asabar bayan azahar baƙi suka fara zuwa, mu goma sha ɗaya. Hajiya Memuna ta kawo ƙatuwar kular wake da shinkafa irin tasu, mai ja-ja, da baƙin yajin da suke kira shito. Anti Rifkatu ta kawo gwate. Ni na yi masa da miyar taushe. Na kunna turaren wuta don falo ya yi ƙamshin gidan attajiri, sai wani farin abu mai gano hayaƙi a rufin ɗaki ya kama ihu kamar ana yanka shi. Nura ya hau kujera da babbar rigarsa yana yi masa fifita da faifai. Dole aka buɗe duk tagogi.

Matsala ta biyu, mutumin da na shirya wa direba, wani mai surutu da zai iya ƙarya ido a buɗe, ya kira ya ce an riƙe shi a wajen aiki. Namijin da ya rage ba shi da takarda shi ne Baba Yakubu, mijin Anti Rifkatu, dattijon coci, mutum mai sanyin magana. Na miƙa masa ambulan. Ya karanta, ya cire hula ya share gumi, ya biyo ni har bakin kicin.

"Malama, an ce ni na kashe shi."

"E, Baba, amma kada ka faɗa."

"In aka tambaye ni fa?"

"Ka ce ba ka tuna inda kake ba."

"Ai na tuna. Ga shi a rubuce."

Na roƙe shi ya cika bakinsa da masa duk lokacin da aka dube shi. Ya ce zai gwada.

Aka zauna. Nura ya yi jawabin Alhaji Maigoro, yana taƙama da manyan motocinsa na goro, ya haɗiyi ƙwayar alewa a matsayin magani, ya ɗaga kofin zoɓo. Na ce masa ya faɗi a hankali, amma Nura ya ga dama ta samu. Ya dafe ƙirji, ya zagaya tebur, ya kifar da zoɓon a rigarsa, sannan ya zube. Wata baƙuwa 'yar Damagaram, wadda na ba ta ƙanwar Alhaji, ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara irin ta gidan mutuwa na gaske. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Ba a yi minti biyu ba sai ga Madam Linda a bakin ƙofa da takalmin barga, tana haki, waya a hannu, yatsanta a kan lambar 'yan sanda. Ta ga mutum kwance jajir, mata na kuka. Habiba ta ruga tana bayani. Gawa ta ɗago kai ta ce, "Sannu, Linda," ta koma ta mutu. Matar nan ta zauna a kan matakala ta yi dariya har da hawaye. Muka ba ta gilashin bincike da faranti, Habiba na yi mata tafinta.

Wasa ya yi daɗi fiye da yadda na zata. Manya masu jikoki suna leƙa ƙarƙashin kujera neman shaida. Rabin maganar Hausa, rabi Turanci, 'yar Damagaram na jefa Faransanci in ta yi zafi. Duk wanda ya nufo Baba Yakubu sai ya tura masa a baki. Na ƙirga har guda tara. Amma matan nan biyu, kowace ta riƙe rabin wasiƙarta a ƙarshen falo, ko kallon juna ba sa yi. Habiba ta dube ni, na dube ta.

Da lokacin tuhuma ya yi, na tsayar da su a tsakiya, gawa na kwance tsakaninsu. Na ce mai girki ta kare kanta.

Hajiya Memuna ta gyara mayafi. Ta ce, "Ni mai girki ne kawai. Mai girki, ba a kiran shi gaban mutane. Ya dafa, ya wanke tukunya, ya tafi gida."

Na duba littafina. Ban rubuta wannan ba.

Anti Rifkatu ta cire gilashinta. "Mai girkin da ta tashi ta tafi ba sallama, aka yi ta nemanta har wajen ajiye motoci?"

"Wa ya neme ni?"

"Ni! Da gwaggwaro a kaina da takalmi mai tsini, ina bin motoci ɗaya-ɗaya. Alheri ta ƙi yanka kek, ta ce sai Mama Memuna ta zo. Kwalliyarta duk ta lalace da kuka."

Habiba ta daina tafinta.

"Ba a kira sunana ba, Rifkatu. An kira har matar da ya zo daga Jos jiya-jiya. Ni da na goya yarinyan nan a bayana."

"Da hannuna na rubuta sunanki, na biyu bayan nawa. Mai gabatarwa ne ya tsallake layi, ni kuma ina can ana ɗaura mini ɗankwali ban ji ba. Sau nawa na kira ki a waya?"

"Na gani."

"To me ya hana ki ɗauka?"

Hajiya Memuna ta dubi rabin wasiƙar da ke hannunta. Muryarta ta sauko. "Da farko fushi. Daga baya kunya. Ya yi tsawo, ban san yadda zan fara ba sam, koraa."

Baba Yakubu, da ya ga idon matarsa ya kawo ruwa, ya kasa daurewa. Ya miƙe tsaye, rabin masa a hannu.

"Jama'a, ni ne! Ni na kashe shi! Ni na zuba guba a zoɓo. Don Allah ku yi haƙuri da juna."

Ko waiwayarsa matan ba su yi ba. Madam Linda ce kawai ta saita shi da gilashin bincike tana tambayar Habiba me ya ce. Sai ga murya daga ƙasa, a hankali, cikin ladabi.

"Yaya, in tashi? La'asar na wucewa, kuma ƙafata ta mutu da gaske."

Hajiya Memuna ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata tana hawaye, jikinta duk yana girgiza, ta nemi abin dafawa ba ta samu ba sai kafaɗar Anti Rifkatu. Ita kuma ba ta janye ba. Ta zaro hankici daga jakarta ta miƙa mata, ta ce, "Share fuskarki, kin ɓata kwalli." Falo ya ɓarke. Nura ya tashi yana ɗingishi ya tafi canza riga. Habiba ta shige bayi ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ja.

Muka yi sallar la'asar a ɗakin sama, su Baba Yakubu suna ƙasa suna gadin abinci. Da na sauko na ga ana ta ci ana maimaita faɗuwar Nura, amma ban ga matan biyu ba. Na leƙa kicin. Anti Rifkatu na wanke kwanuka, Hajiya Memuna na ɗaurayewa, ga injin wanke kwanuka a gefe ba wadda ta kula shi. Waya na jingine a jikin tukunya, Alheri ce a ciki daga garin da take aure, tana ta "Mama Memuna, Mama Memuna," tana amsa musu da Turanci suna yi mata Hausa. Har sun fara musu a kan gishirin gwate.

Hajiya ta hango ni. "Yawwa, Malama, zo. Wai a ƙarshe wa ya kashe Alhajin ne?"

Na ce, "Ba ku ji ba? Baba Yakubu ne. Da bakinsa ya amsa."

Anti Rifkatu ta ajiye soso a hankali, ta juyo, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Yakubu? Mutumin da in za a yanka kaza sai ya fita daga gida?" Ta leƙa falo, inda yake zaune yana karɓar masa ta goma daga hannun Madam Linda. Ta girgiza kai. "Memuna, yau a gidanki zan kwana."